Ranar da Muka Sa Hadiza Ta Kira Sunan 'Yarta

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma akwai wata Alhamis ta watan Nuwamba, a farkon shekarun 2010, da ta ƙi fita daga raina har yau da na ajiye aiki. Ku da kuka shigo harkar makarantu a ƙasar nan ta Amurka bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa nake ɗaure fuska duk sa'ad da aka ce za a ƙara sa wa masu karatun gida ido, alhali ni ce na shekara goma sha biyu ina duba fayilolinsu. Na ji ma wasunku suna cewa Hajiya Rakiya ta tsufa ta koma 'yar adawa. To, ku gyara zama in gaya muku dalili. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, ita ma gundumar ba zan faɗi sunanta ba. Tana cikin waɗanda suka kewaye Washington, kuma daga gidana a Beltsville tafiyar rabin awa ce idan hanya ta yi kyau, abin da ba kasafai take yi ba.

Bari in fara da bayanin aikin saboda waɗanda ba su san shi ba. A jihar Maryland iyaye suna da damar cire ɗansu daga makaranta su koyar da shi a gida, sai dai ba a barin su haka sakaka. Za su cike takarda su sanar da ofishin ilimi na gundumarsu, sannan su zaɓi ɗaya cikin biyu: ko wata ƙungiya mai rajista, ta coci ko ta masallaci, ta riƙa kula da karatun, ko mu ma'aikatan gunduma mu riƙa dubawa. Wanda ya zaɓe mu, sau biyu a shekara zai kawo mana fayil ɗin ɗansa. A ciki za mu ga littattafan da ake karantawa da aikin da yaro ya yi da hannunsa, a darussa takwas da doka ta jera, tun daga Turanci da lissafi har zuwa zane da motsa jiki. Abin da aka ɗora mana guda ne, mu tabbatar ana koyar da yaron a kai a kai kuma da gaske. In mun ga giɓi sai mu rubuta wasiƙa a ba iyaye kwana talatin su gyara. In ba su gyara ba, yaro ya koma makaranta, suna so ko ba sa so.

Mu huɗu ne a ofishin. Shugabarmu, wadda zan kira Madam Karolin, tsohuwar shugabar firamare ce, mace mai kirki wadda ba ta iya jin labarin wahalar yaro ta ci abinci a ranar. Ni kuma na koyar da lissafi a Zariya, na zo nan na ƙara shekara tara a aji kafin a mai da ni ofis, kuma an san ni da tsanani. Fayil ya zo mini a hargitse, mai shi sai ya ji a jikinsa. Ban taɓa jin kunyar wannan ba, yanzu ma ba na ji.

A shekarar da nake ba ku labari, wani mummunan labari ya bazu daga wata jiha mai nisa, na yaron da aka cire daga makaranta da sunan karatun gida aka yi ta azabtar da shi ba wanda ya sani. Madam Karolin ta tara mu ta ce mu takarda kawai muke dubawa, ba ma duba yara. Ta ce a samar da fom da mai duba fayil zai riƙa cikewa yayin da yake zaune da iyali, a kuma riƙa neman iyaye su zo da yaron. Tambayoyi goma, amsar kowace i ko a'a. Iyalin da ya samu a'a uku, a kira su zama na musamman, daga nan kuma ana iya kai ziyara gidansu tare da ma'aikatan kula da walwalar yara. Za a gwada zango ɗaya, in ya yi kyau a kai wa hukumar gudanarwar makarantu ta mai da shi ƙa'ida, har da ziyarar gida ga kowa da kowa.

An naɗa kwamitin mutum uku, amma kun san kwamiti. Biyu sun sha kofi, ni na yi rubutun. Na kwashi littattafan horaswa na nan ƙasar na tsamo tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, na yi musu lamba, na ja layi tsaf. Da na gama har wani daɗi na ji.

Iyaye kuwa ba su ji daɗi ba. Duk zaman da hukumar gudanarwa ta yi a wannan zangon sai sun cika ɗakin taro da goyonsu da kekunan jariransu. Ga Turawa 'yan coci, ga baƙaƙen Amurka da suka cire 'ya'yansu daga makarantun da suka gaji da su, ga namu masu hijabi, 'yan Nijeriya da 'yan Gana, mutanen da ko a layin kanti ba lallai su gaisa ba. Maganarsu ɗaya ce: doka fayil ta ba ku, ba ta ba ku ɗakunanmu ba. Ni a lokacin haushinsu nake ji. Na sha faɗa a ofis cewa duk wanda yake koyar da ɗansa tsakani da Allah ba abin da zai dame shi da tambaya goma.

Wata Litinin ban zo aiki ba, na je ganin likita. Abokiyar aikina Jenifa ta karɓi waɗanda aka tsara mini. Jenifa yarinya ce sabuwar ɗauka, mai himma, irin waɗanda in an ba su fom sai sun cike har gefen takarda. Ran Talata da safe ta same ni da wani fayil a hannu.

Ta ce, "Misis Rakiya, waɗannan kamar 'yan ƙasarku ne. Ina so ki gani, don abin ya tsaya mini a rai."

Fayil ɗin na wata yarinya ce, Safiya, 'yar shekara tara. Uwarta Hadiza ce ke koyar da ita. Na buɗe da niyyar neman aibu kamar yadda na saba, ban samu ba. Kowane darasi da rabonsa, kowace takarda da kwanan wata, lissafin yarinyar ya wuce ajinta da shekara biyu. Har ganyen itatuwa ta manna ta rubuta sunayensu. Na ce wa Jenifa ai wannan fayil a jinjina wa mai shi ya kamata.

Ta ce ba fayil ɗin ba ne, fom ɗin ne. Ta miƙo mini, ga a'a guda uku. Tambaya ta huɗu, ko yaro yana kallon mai yi masa magana: a'a, kanta a ƙasa. Tambaya ta tara, ko iyaye suna nuna wa 'ya'yansu kulawa iri ɗaya: a'a. Sai ta bakwai, ko uwa ko uba suna kiran yaro da sunansa suna kuma faɗin alherinsa a gabansa. A nan Jenifa ta cika shafi guda. Ta rubuta cewa cikin minti arba'in uwar ba ta kira sunan yarinyar ko sau ɗaya ba, sai dai "wannan" ko "ita". Da aka tambaye ta yadda yarinyar take a lissafi, cewa ta yi tana dai taɓawa, wasa ya yi mata yawa. Da Jenifa ta yabi yarinyar, uwar ta kau da kai ta shiga wata magana. Alhali ƙaramar, Hanan, 'yar shekara huɗu, tana kan cinyarta, ana shafa mata kai, an kira sunanta ya fi sau goma. Ta ƙara da cewa babbar ramammiya ce, idonta kuma ya yi rawaya. Madam Karolin ta riga ta sa hannu a wasiƙar kiran zama ran Alhamis, an kuma aika.

Tambaya ɗaya na yi wa Jenifa. Na ce, "Safiyar ita ce 'yar fari?"

Ta duba ta ce ita ce.

Sai na nemi kujera na zauna. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da Jenifa ta gani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Kunya ce. 'Yan zamani da yawa sun watsar, amma akwai gidajen da har gobe suna riƙe da ita gam, kuma wadda ta fi kowa son ɗan ita ce ta fi kowa kau da kai. 'Yar auta kuwa a ɗora a cinya a yi ta lallashi, ba mai cewa komai. Ni na san wannan tun kafin in san baƙi da fari. Amma ni ɗin ce na zauna na rubuta tambaya ta bakwai da hannuna, kuma ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta da kyau.

Na tafi ofishin Madam Karolin na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har ƙarshe, don ba ta da katse mutum. Sannan ta ce, "Rakiya, na yarda da ke. Amma ba zan iya yin fom ɗaya na mutanenku, ɗaya na sauran jama'a ba. In na janye wasiƙar don kin san al'adarsu, gobe wani zai zo da tasa al'adar, kuma wata rana a bayan al'adar akwai yaron da ake cuta. Ta zo ran Alhamis in ji daga bakinta. In abin yadda kika faɗa ne, minti goma ya ishe mu."

Ban ce maganarta ba ta da kan gado ba. Na nemi izini in kira uwar in yi mata bayanin zaman da harshenta, ta ba ni.

Ran Laraba bayan azahar na buga waya. Da Hadiza ta ji sallama da Hausa daga ofishin gwamnati ta yi mamaki, sannan muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi maigida da yara da sanyi. 'Yar Katsina ce, malamar firamare kafin ta biyo mijinta nan. 

Ta ce, "Hajiya, me muka yi? Tun da takardar nan ta zo Baban Hanan bai iya cin abinci ba. An ce mana irin wannan zama daga shi sai masu ɗauke yara."

Na ce mata ba a kai nan ba, kuma in Allah ya so ba za a kai ba. Na tambayi ramar yarinyar. Nan ta gaya mini abin da ba ya cikin fayil, don ba wanda ya tambaye ta. Safiya sikila ce. Ta yi shekara biyu a makaranta, kuma duk lokacin sanyi, tsayuwar jiran bas da sassafe sai ta tayar mata da ciwo. A shekara ta biyu sau uku ana kwantar da su a asibiti, ga wasiƙun makaranta na cewa fashinta ya yi yawa. Shi ya sa suka cire ta. Tun da ta dawo gida sau ɗaya aka kwantar da ita.

Ta ce, "In aka ce ta koma yanzu, ga Disamba na zuwa, Hajiya ban san yadda zan yi ba."

Na ce ta zo da takardar likita, wannan zai kashe maganar rama. Sannan na faɗi abin da ya sa na kira. Na ce, "Saura abu ɗaya, ƙanwata. Za a tambaye ki game da ita. Ki kira sunanta, ki yabe ta. Shi ke nan, a rufe fayil."

 Ina jin ƙaramar tana surutu a bayanta.

Ta ce, "A gaban yarinyar?"

"A gabanta."

"Ba za a iya cewa ta jira a waje ba? Ko in rubuta a takarda in ba ki?"

Na ce tambayar cewa ta yi a gabanta.

Ta ce, "Ikon Allah. Wai Hajiya wa ya zauna ya rubuta irin wannan abu?"

Na ce, "Kwamiti ne." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma na san haka tun kafin in rufe baki.

Ran Alhamis ƙarfe goma muka zauna a ƙaramin ɗakin taronmu. Madam Karolin a kan tebur, Jenifa da alƙalaminta, ni a gefe a matsayin mai fassara in an buƙata. Hadiza ta zo da mijinta, Injiniya Bashir, wanda ya ɗauki hutun rabin rana daga ofishinsu a cikin Washington. Sun bar ƙaramar wajen maƙwabciya. Safiya ta shigo cikin rigar sanyi har biyu, ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna kusa da babanta.

Injiniya ya fara magana, da Turancinsa mai kyau, ya ajiye takardar likita. Madam Karolin ta karanta, fuskarta ta sauya, ta ba su haƙuri a kan maganar rama, Jenifa ma ta bayar. Ya ci gaba zai yi bayanin al'ada, sai Madam ta ɗaga hannu cikin ladabi. Ta ce Rakiya ta riga ta yi mata bayani kuma ta gode, amma tunda uwar ce malamar, daga bakinta take son ji. Ta juya wajen Hadiza, ta sassauta murya, don har ga Allah a ganinta taimako take yi.

Ta ce, "Ba ni labarin 'yarki. Yaya sunanta, kuma me kike so game da ita?"

Hadiza ta ja mayafinta gaba. Ta dubi tebur. Agogon bango yana ta tafiya, Jenifa ta ɗora alƙalami a kan takarda tana jira. Injiniya ya mai da fuskarsa wajen taga. Da na ga shirun zai zama amsa, na ce da Hausa a hankali, "Hadiza, daure."

Ta daure. Da Turanci ta yi maganar, ina jin don ya fi mata sauƙin fita, kuma ba ta ɗaga kai ba har ta gama.

Ta ce, "Sunanta Safiya. Tana da haƙuri. In ciwo ya tashi ba ta kuka sai ta ga ƙanwarta ba ta ɗakin, don kada ta tsorata. Ta fi ni lissafi, sai na yi karatu kafin in koya mata. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. A kanta aka fara ce mini uwa." Ta tsaya. Madam Karolin ta gyaɗa kai alamar ta ci gaba, kamar akwai saura. Hadiza ta ce, "Ina son ta."

Jenifa ta share hawaye. Madam Karolin ta yi murmushi har kunne, ta ce wannan shi ne abu mafi daɗi da ta ji a wannan ɗaki, ta ja fom ɗin ta soke a'a ukun ta sa hannu. Ta ce Safiya ta ci gaba da karatunta a gida, sai duba na gaba. Minti goman da ta yi alkawari bai ma cika ba.

Ni kuwa yarinyar nake kallo. Na yi zaton zan ga farin ciki, yaro ya ji uwarsa ta yabe shi. Ba haka na gani ba. Tun da uwar ta ambaci sunanta ta ɗago kai a firgice, ta dubi uwar, sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka rubuta cewa ba ta kallon mutane, ran nan ta kalle mu sosai, kuma ba kallon godiya ba ne.

Na raka su zuwa ƙofa. Injiniya ya tafi ɗauko mota don kada yarinyar ta taka cikin iska. Muna tsaye mu uku a baranda, sai Safiya ta ja hannun rigata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci ta yi magana, kamar sauran yaranmu na nan.

Ta ce, "Anti, me ya sa kuka sa ta ta faɗa?"

Na ce, "Ba ki ji daɗi ba, 'yata?"

Ta ce, "Ai na sani. Kullum kafin in tashi sai ta ɗora mini safa a kan hitar ɗumama ɗaki ta yi ɗumi. Ba sai ta faɗa muku ba. Yanzu kun sa ba ta iya kallona."

Gaskiya ta faɗa. Hadiza na tsaye taku biyu daga gare mu, ta juya baya tana gyaran jakar da ba ta buƙatar gyara. Da ta juyo sai ta ce, "Hajiya, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Hadiza, jiya kin tambaye ni wanda ya rubuta tambayar nan. Ni ce na rubuta."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da suka zo. Ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Lallai kin daɗe a ƙasar nan, Hajiya." Mota ta tsaya, ta buɗe wa yarinyar ƙofa ba tare da ta dube ta ba, suka tafi.

Mako na gaba na rubuta wa Madam Karolin takarda cewa na janye hannuna daga fom ɗin, kuma in aka tambaye ni a gaban hukumar gudanarwa zan ce kada a amince da shi. Ta kira ni ofis, abin ya ba ta mamaki. Ta ce ai fom ɗin ya yi aikinsa: mun yi shakka, mun tambaya, mun sami amsa, ba wanda aka cuta. Na ce an cuci mutum biyu a gabanmu, sai dai ban yi wa irin wannan cutar gurbi a fom ɗin ba, shi ya sa ba ta fito ba. Na ce mun sa mace ta zaɓa tsakanin lafiyar 'yarta da mutuncinta, a kan abin da doka ba ta aike mu ba. Mun daɗe muna ja, ba ta sauka ba, ni ma ban sauka ba. Mun ci gaba da aiki tare shekara huɗu bayan nan lafiya lau, har ta zo bikin ɗana ta ci tuwo da cokali.

Da zangon gwaji ya ƙare aka kai maganar gaban hukuma. Iyaye sun yi nasu bayanin, lauyan gunduma ya ce shi ma bai ga inda doka ta ba mu wannan hurumi ba, ni ma aka ba ni minti uku na faɗi nawa ba tare da ambaton suna ba. Aka ajiye fom ɗin. Kada ku ce ni na kashe shi, da ni da babu ni zai mutu. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Duba na gaba Hadiza ba ta zo ba, sai takarda muka samu cewa sun koma ƙarƙashin wata ƙungiya ta masallaci, kamar yadda doka ta ba su dama. Ba su kaɗai ba, iyalai da dama da suka saba zuwa wurinmu da kansu suka bi wannan hanya, har da waɗanda fom ɗin bai taɓa ba. Mun tashi ƙara ganin yara, muka ƙare da ganin kaɗan. Ban sake ganin Safiya ba. Na dai ji daga bakin mutane cewa ta gama sakandare a gida ta shiga jami'a.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Hajiya Rakiya ta ce ba a cutar da yara a gidaje. Ana yi. Sau biyu a aikina na ga alamar da ba ta da fassara biyu, na ɗaga waya na kira waɗanda doka ta ba wannan aiki, kuma ban yi nadama ba. Wannan daban. A can abu na gani da idona a jikin yaro. A fom ɗina kuwa zama na yi na zana yadda iyali na gari ya kamata su yi magana, su yi kallo, su nuna so, sannan na ce duk wanda bai yi kama da zanena ba ya zo ya wanke kansa. Aikinmu yana da wannan haɗari, domin masu yin sa galibi mutanen kirki ne, kuma mutumin kirki in ya sami fom da hatimi ba ya jin nauyin hannunsa. Iyaye kuwa suna ji, shi ya sa suke cika ɗakin taro da goyo. Ba duka ne masu abin ɓoyewa ba. Yawancinsu suna da abin da ba na nunawa ba ne.

Saboda haka in aka ba ɗayanku aikin rubuta tambayar da za a yi wa uwar wani, ya fara gwada ta a kan tasa uwar. Ni ma 'yar fari ce. Innata ta rasu a Zariya ina da shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" take ce mini. Ranar da na zo na ɗaya a aji cewa ta yi in je in wanke kwanuka. Da na zo haihuwar fari kwana uku ta yi a kan tabarma a barandar asibiti, ba ta shiga ɗakin ba sai in kowa ya fita, kuma ko a lokacin ƙafata kawai take riƙewa. Da an zaunar da ita a gaban Jenifa da fom ɗin da na rubuta, a'a uku za ta samu, kuma da ni zan sa hannu a wasiƙar.